Wa Ya Kira Kwandasta?

Saura maɓallan wuya kawai Auta ta gama rigar faretin Kwandasta lokacin da Oga Tela ya tsaya a kanta, tef ɗin awo rataye a wuyansa, ya ce, "Ajiye wannan. Ɗauki ta gaba."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Oga, maɓalli ne fa ya rage."

"Na ga maɓallin. Na ce ki ajiye."

A makarantar horar da hafsoshin soja, ɗakin ɗinki yakan riga kowa sanin wanda ba zai fita ba. Ba a aiko musu da wani bayani. Kofur ne kawai zai leƙo daga ofis, ya raɗa wa Oga magana a kunne, sai a zare riga guda daga layi a rataye ta a bayan ƙofa. Wata rigar takan dawo kan keken ɗinki bayan kwana biyu. Wata sai baɗi, a sake awo, domin kafin nan mai ita ya rame ko ya murje. Wata kuwa ba ta dawowa har abada, sai a kwance maɓallanta a zuba a gwangwani.

Auta ta sha rataye rigunan 'ya'yan mutane a bayan ƙofar nan ba tare da ta ji komai ba. Yau da ta miƙe da wannan, sai da ta dafa teburin guga.

Sauran teloli suka duƙufa a kan kekunansu, kowa ya zama mai aiki tuƙuru. Duk sun san rigar wane ne, kuma sun san abin da ke tsakanin mai ita da Auta. A bariki ba a ɓoye soyayya, sai dai kowa ya yi kamar bai gani ba.

Oga Tela ya rage murya ya ce, "Jibi kwamiti zai zauna a kansa. Ba a yanke komai ba tukuna. Ki share fuskarki, kada hawaye ya ɗiga a yadin gwamnati."

Sunan Kwandasta daga tasha ya biyo shi. Kafin ya sa kaki, shi ke rataye a ƙofar bas yana kiran fasinja, littafin lissafi naɗe a aljihun wandonsa. Ya sha zana jarrabawar shiga makarantar yana faɗuwa. Da ya ci ta rubutu, sai ya faɗi a gudu. Da ya gyara gudun, sai likitoci suka ce nauyinsa bai kai ba. A shekarar da shekarunsa za su rufe masa ƙofa, a ita aka ɗauke shi.

Bai fi kowa a aji ba, karatun taswira ma da ƙyar yake tsallakewa. Amma idan ya buɗe baki a filin fareti, har masu wanki a bayan katanga sai sun ƙame. Samanja da kansa ya taɓa cewa muryar nan ita ce kaɗai abin kirkin da tasha ta taɓa ba soja.

Samanjan nan kuwa shi ne mahaifin Auta. Shi ke koya wa ɗalibai fareti da ladabi, kuma shi ke kai ƙarar duk wanda ya kauce. Mutum ne da ko maɓallin rigarsa ne ya karkace, sai ya ji kamar ya ci amanar ƙasa.

Lokacin da maganar Auta da Kwandasta ta iso kunnensa, bai yi faɗa ba. Ya tara 'yarsa da uwarta ya ce, "Ɗalibi ba ya aure, ba ya neman aure. Ranar da aka maƙala masa anini a kafaɗa, ya turo manyansa. Kafin nan ban san shi ba, shi ma bai san ƙofar gidana ba."

Mama ba ta so haka ba, domin tana da nata ɗan takarar. Wani Manjo ne, likitan asibitin makarantar, mai mota da farin tabarau, wanda tun da ya duba mata hawan jini take yi masa kallon suruki. A gaban Auta ta sa Samanja ya yi mata alkawari: idan Kwandasta bai fita da 'yan ajinsa bana ba, za a bar Likita ya gabatar da kansa.

An zauna a haka lafiya har yaye ɗalibai ya ƙarato. Sai Mama ta fara gajen haƙuri, ta ce yayyen Likita mata za su zo gaisuwa, gaisuwa kawai. Auta ta tsorata kada labarin ya isa ɗakin kwanan ɗalibai da ƙarin gishiri. Ranar gwajin riga, Oga Tela ya juya neman alli, ita kuma tana riƙe da allurai, sai ta raɗa wa Kwandasta, "Ka zo bayan gidanmu da la'asar, wajen tankin ruwa. Magana ce mai muhimmanci."

Ya ce, "An hana mu shiga unguwar ma'aikata."

Ta ce, "Idan kana sona za ka zo."

Ya zo. Ita ce ba ta fito da wuri ba, Mama ta tsare ta da ninke wanki. Samanja kuwa, wanda bai taɓa dawowa gida kafin magariba ba, ranar ya dawo sauya takalmi. Ya tarar da ɗalibinsa shi kaɗai a tsaye kusa da tanki. Ta tagar ɗaki Auta ta hango mahaifinta ya tasa shi a gaba, ɗaya na ba da umarni, ɗaya na taka ƙafa, har suka sha kwana.

Dokar makarantar a fili take, ko mai shara ya haddace ta. Ɗalibin da ya tsallake iyaka, a mayar da shi baya shekara guda. Ɗalibin da ya yi ƙarya, a kore shi. Na farko laifi ne, na biyu kuma sun ce hali ne, hali kuwa ba su da aji da ake gyara shi.

*

Da Auta ta dawo daga aiki ranar da aka rataye rigar, ta sami Mama a tsakar gida tana goge kofunan baƙi, waɗanda ba a fito da su sai da dalili.

"Sannu da gida, Mama."

"Yauwa. An ce an cire rigarsa a layi."

"Ba a yanke hukunci ba tukuna."

"Za a yanke." Mama ta ɗaga kofi ta duba shi a haske. "Ni ba murna nake yi ba, Allah ya sani. Ɗan mutane ne, ya sha wahala. Amma ke ma 'yar mutane ce. Tun yaushe kike zaune kina ɗinka wa 'ya'yan wasu riguna? Sa'anninki duk suna ɗakunansu, ke kina jiran wanda sai an busa usur zai ci abinci."

"Mama, shekara guda ce kawai idan ma an mayar da shi."

"Bara ma shekara guda kika ce. Idan ya fita fa? A tura shi bakin iyaka, ki zauna kina sauraren rediyo gabanki na faɗuwa. Ni na yi wannan zaman, na san ɗacinsa. Likita kuwa ga asibiti, ga gida, ga uwarki a kusa."

Auta ta fashe da kuka. "Ni fa ba na son Likita, Mama. Ban tsane shi ba, amma ba na sonsa."

"To ai ban ce ki so shi yau ba. Na ce ki bari a gaisa."

Samanja yana baranda, ya shimfiɗa jarida yana goge takalmansa. Duk abin da suke faɗa yana ji, amma hannunsa bai sauya sauri ba. Auta ta je ta durƙusa a gefensa.

"Baba, sannu da hutawa."

"Yauwa."

"Baba, ina so in gaya maka yadda aka yi ranar nan."

"Ban tambaye ki ba."

"Ai shi ya sa nake so in faɗa. Baba, ba laifinsa ba ne, ni ce na..."

Ya buga burushi a kan siminti har sai da Mama ta leƙo.

"Ke! Na ce ban tambaye ki ba. Abin da idona ya gani shi na kai. Na ga ɗalibi a inda bai kamata ba, shi kaɗai. Ban ga kowa tare da shi ba, ban ji komai ba, kuma ba na so in ji. Kin fahimta?"

Ba ta fahimta ba. Abin da ta gani shi ne mutumin da ya fi son dokarsa a kan 'yarsa, kuma a lokacin ta ji haushinsa har cikin ƙashinta.

Cikin kuka ta ce, "Baba, da ka kau da kai. Babu wanda ya gan shi sai kai."

"Ni na gan shi. Ya isa."

"Shekara guda fa za a ci masa."

"Shekara ba ta kashe mutum. Akwai waɗanda na kai ƙara aka mayar da su baya, yau manyan hafsoshi ne, ni ke sara musu, kuma suna gode mini."

"To ni fa, Baba?"

Ya ajiye burushin. Ya juya takalmin a hannunsa kamar yana neman inda bai yi ƙyalli ba.

"Ba zan ɗaure ki in kai ki gidan kowa ba. Amma na yi wa uwarki magana a gabanki, kuma ba na lashe amaina. Idan bai fita bana ba, Likita zai zo ya yi gaisuwarsa. Gaisuwa ba ɗaurin aure ba ce." Ya ɗago ya dube ta a karo na farko. "Abu ɗaya nake so da ke. Jibi ki tafi wajen aikinki, ki zauna a kan kekenki. Kada ƙafarki ta taka ofishin nan. Ki bar ni da shi."

Auta ta ce, "To, Baba." Amma to ɗin a leɓe ya tsaya.

Ta san uwarta. Gaisuwa ɗaya za ta haifi ta biyu, ta biyu ta haifi kayan tambaya, kafin shekara ta zagayo gwaggonni sun cika gidan da nasiha har sai ta gaji ta ce a yi. Ba ta yarda da ƙarfin zuciyarta na shekara guda ba, wannan ita ce gaskiyar da ta fi tsorata ta.

*

Washegari da hantsi Likita ya shigo ɗakin ɗinki da wando a hannu, wai ƙafarsa ta yi tsawo. Wandon ya riga ya sha gyara a wajen Auta har ya kusa komawa gajere. Oga Tela ya karɓa da hannu biyu, ya tuna yana da aiki a sito, ya fice.

Likita ya ce, "Auta, idanunki sun kumbura. Ko in rubuta miki magani?"

"Lafiyata ƙalau, yallaɓai."

"Na ji abin da ya faru. Wallahi ban ji daɗi ba. Ni na duba yaron nan lokacin da aka ɗauke su, na san da ƙyar ya shigo."

Maganarsa kullum a hankali take fitowa, kamar yana tsoron kada ta fashe. Auta ta daɗe tana neman abin da za ta kama ta ƙi shi da shi, ba ta samu ba, wannan kuma ya fi komai ba ta haushi.

Ta ajiye almakashi ta ce, "Yallaɓai, in yi tambaya?"

"Ina ji."

"Idan ɗalibi ya tsallake iyaka, amma ba da ra'ayin kansa ba, wani ma'aikaci ne ya kira shi. Hukuncin ɗaya ne?"

Likita ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa. "Ni ba na cikin kwamiti. Amma na ga an sassauta a irin haka. Laifin yakan koma kan ma'aikacin, ɗalibin ya sha horo mai tsanani, ya fita da 'yan ajinsa. Sai dai ma'aikacin yakan rasa aikinsa."

"Idan ma'aikacin bai damu da aikin ba fa?"

Ya dube ta. "Har haka kike sonsa?"

"Har haka, yallaɓai. Ka yi haƙuri."

"Babu komai." Ya mayar da tabarau. "Samanja ya san da wannan?"

"Baba ba ya so ya ji komai."

"To. Kwamiti na sauraren duk wanda ya ce yana da shaida. Idan kina so, zan gaya wa Kanar da ke shugabantarsa akwai mai son a ji ta. Amma ki yi tunani tukuna."

"Na gama tunani."

Ya ɗauki hularsa ya fita, ya bar wandon. Auta ta ji zuciyarta ta yi sanyi a karo na farko tun ranar tanki. Ba ƙarya za ta yi ba balle ta ji tsoro. A makarantar nan ƙarya ce ke kashe mutum, ita kuwa gaskiya zalla za ta kai musu. Har ta ji ta ɗan tausaya wa Likita, mutumin da ya buɗe wa abokin takararsa ƙofa da hannunsa.

*

Ranar zaman kwamiti ta sa mayafinta mafi kauri, ta ce wa Oga Tela za ta je asibiti. Bai tambaye ta abin da ke damunta ba, ya dai bi ta da kallo har ta fita.

Aka zaunar da ita a benci a wajen ɗakin taro. Ta tagar baranda tana hango filin fareti, 'yan ajin Kwandasta suna ta gwajin bikin yaye, ƙafafu na sauka tare, rana na dukan bindigogi. A layin gaba akwai gurbi guda da ba a cike ba tukuna.

Ta jima a zaune kafin wani kofur ya buɗe ƙofa ya ce, "Malama, shigo."

Dogon tebur ne da koren ƙyalle, fanka na juyawa a sama tana ƙara. Kanar na tsakiya, dattijo mai furfura a gefen kai, hafsoshi biyu a damansa da hagunsa. Kwandasta na tsaye a ƙame a gaban teburin, idonsa a kan bango. Ya rame a 'yan kwanakin nan, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. A bayansa Samanja ne, sanda a hammata.

Da Samanja ya ga wadda ta shigo, sandar ta kusa suɓuce masa.

Ya buga ƙafa ya ce, "Yallaɓai, yarinyar nan ba ta cikin shaidu."

Kanar ya ce, "Ita ta nemi a ji ta, Samanja. Na san 'yarka ce. Ka yi haƙuri ka tsaya a matsayinka."

"Yallaɓai, yarinya ce, ba ta san..."

"Samanja."

"Yallaɓai." Ya koma ya ƙame.

Kanar ya nuna mata kujera. "Zauna, 'yata. Kina aiki a ɗakin ɗinki, ko? Kin san nan ba a faɗin abin da ba a tabbatar ba. Me kike so ki gaya mana?"

Tun jiya take tsara maganar, don haka ta fito a jere babu gargada.

"Yallaɓai, ranar da aka kama shi a bayan gidanmu, ba shi ya kai kansa ba. Ni na kira shi."

Kafaɗar Kwandasta ta motsa. Ba tare da ya juyo ba ya ce, "Yallaɓai, don Allah a bar ni in..."

Hafsan da ke dama ya daka masa tsawa, "Shiru! Wa ya ba ka izinin magana?"

Auta ta ɗauka kare ta yake so ya yi, sai ta ƙara sauri kada ya riga ta.

"Ranar gwajin riga ne, yallaɓai. Oga ya juya, na ce masa ya zo wajen tankin ruwa da la'asar. Shi da bakinsa ya ce an hana su. Ni na matsa masa, na ce idan yana sona zai zo. Wallahi da ban kira shi ba, da bai taka unguwar ba. Laifin nawa ne. A kore ni daga aiki, na yarda, amma don Allah a bar shi ya fita da 'yan uwansa. Ya sha wahala kafin ya shigo nan."

Ta gama, ta share hawaye da gefen mayafi, tana jiran ta ga fuskoki sun sassauto.

Ba su sassauto ba. Hafsan da ke hagu ya ajiye bironsa a hankali. Ta saci kallon mahaifinta, ta ga ya rufe ido, abin da ba ta taɓa ganin ya yi cikin kaki ba.

Kanar ya jingina da kujera ya dubi Kwandasta.

"Ɗalibi."

"Yallaɓai!"

"Ɗazu kafin ta shigo na tambaye ka ko akwai wanda ya kira ka unguwar ma'aikata. Me ka ce?"

"Na ce babu, yallaɓai."

"Na sake tambayarka, na tuna maka kana gaban kwamiti. Me ka ce?"

"Na ce ni na kai kaina, yallaɓai. Babu wanda ya san zan je."

Sai a lokacin Auta ta ji ƙarar fankar ta cika mata kunne. Ta miƙe tsaye ba ta san ta miƙe ba.

"A'a! Yallaɓai, to ni ce na yi ƙarya. Ban kira shi ba. Wallahi ƙirƙira na yi don a sassauta masa, ni ce maƙaryaciyar, ba shi ba!"

"Zauna, 'yata."

"Yallaɓai, don girman Allah..."

"Na ce ki zauna." Bai ɗaga murya ba. Ya sake juyawa ga Kwandasta. "Ɗayanku ya yi wa kwamiti ƙarya. Ta ce ita ce. Idan ka tsaya a kan maganarka, zan karɓa, mu mayar da kai baya shekara guda, ita kuma mu san abin da za mu yi da ma'aikaciyar da ta shigo nan ta rantse a kan ƙarya a gaban mahaifinta. Ina tambayarka karo na ƙarshe. Wa ya kira ka?"

Auta ta kafe shi da ido tana girgiza kai. Ka ce babu, take faɗa a zuci, ka ce babu. Amma wanda ke ƙame ba ya waiwaye, bango kawai yake gani.

Kwandasta ya ce, "Gaskiya ta faɗa da farko, yallaɓai. Ni na yi ƙarya."

"Ka san hukuncin?"

"Na sani, yallaɓai."

"To me ya kai ka?"

"Aikinta, yallaɓai. Da sunan Samanja. Saura kaɗan ya yi ritaya, ban so a ce daga gidansa aka karya doka ba."

Kanar ya kalli koren ƙyallen. Ya karkata dama aka yi raɗa, ya karkata hagu aka gyaɗa kai. Abin bai ɗauki lokacin shan ruwa ba.

"Na so a ce wata amsa ka ba ni tun farko, yaro. Da ka ce ba za ka faɗi suna ba, da na hore ka na kuma girmama ka. Amma ka dubi idona ka ce babu." Ya numfasa. "Samanja."

"Yallaɓai!"

"Karɓi hularsa da bel."

Samanja ya tako gaba, ya tsaya a gaban ɗalibinsa. Aikinsa ne, ya sha yi wa wasu. Ya cire hular ya maƙale a hammata tare da sanda. Da ya kai hannu kan bel ɗin, ƙarfen ya ƙi buɗuwa, har sai da Kwandasta ya sa hannu ya kwance masa da kansa ya miƙa.

A hankali ya ce, "Ka yafe mini, Baba."

Bai taɓa kiransa da wannan sunan ba. Samanja bai tsawata masa ba.

Kofur ya buɗe ƙofa. Kwandasta ya wuce ta gefen kujerar Auta, kai babu hula, riga ta saki a ƙugu. Ta miƙa hannu kamar za ta riƙe shi, ta kasa kaiwa.

"Na zaci taimakonka nake yi," ta ce.

Ya ɗan tsaya. "Na sani, Auta." Ya fita.

Samanja ya biyo bayansa. Da ya zo daidai da ita bai dube ta ba, leɓunansa kawai suka motsa, yadda ita kaɗai za ta ji.

"Da kin bar ni da shi, baɗi war haka yana da anininsa. Ni da kaina zan sara masa."

Ƙofa ta rufe. Auta ta zauna da hannuwa a cinya, hawayen ma sun ƙi zuwa. Hafsoshin suka fara tattara takardunsu, ɗaya ya duba agogo, domin akwai wani ɗalibin da ke jira a waje.

Kanar ya dube ta da tausayi, ya ce, "Kina iya tafiya, 'yata. Ki koma bakin aikinki, babu wanda zai taɓa ki. Kwamiti ya gode da gaskiyar da kika faɗa."